Wasan taubasai da kuɗin shara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ɗan wajena ya zo shagonka ranar 10 ga Muharram, ya cire maka hula a gaban masu ciniki, ya ce sai ka ba shi kuɗin shara, kana tambaya ko al'ada ce ko raini. Al'ada ce, kuma ta girme ni.

Ni da mahaifinka ciki ɗaya muka fito, shi namiji ni mace. 'Ya'yansa da nawa taubasai ne, wato abokan wasa. Da ɗan baffanka ne ya yi maka haka, da ni zan fara ja masa kunne, domin shi wa ne ko ƙane, babu wasa tsakaninku. A gidanmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa. Bawa ya share gida, ubangida ya sallame shi a watan cika-ciki, wato Muharram, asalin sunan shara ke nan. A zamaninmu goro ne ko 'yan kwabbai, kuma sai an sha ja-in-ja kafin a bayar, don daɗin abin yana cikin jayayyar.

Ku yaran yanzu da kun ji an ce wasa sai hankalinku ya tafi ƙwallo ko wasan kwaikwayo. Wannan kuwa wasa ne mai ƙa'ida, an san da wa ake yin sa. Ka tuna yadda kakarku take ce maka mijinta, tana ƙorafin ba ka kawo cefane ba, ƙanwarka kuma ta kira ta kishiya? Shi ne dai. Haka yake tsakanin mutum da ƙannen matarsa. Ya wuce gida ma: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Bafulatani da Babarbare su haɗu a tasha, ba su taɓa ganin juna ba, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kafin mota ta cika sun ci abinci kwano ɗaya. A Nijar sun riƙe abin da daraja, har UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2014.

Abin da nake so ka gane, abokin wasa yana da aikin da wani ba ya iya yi. Idan ka yi fushi da iyalinka ka ƙi jin maganar kowa, taubashi ne zai shigo ya zauna maka a kan tabarma, ya faɗa maka gaskiyar da ƙanenka ba zai iya buɗe baki ya faɗa ba, kana dariya kana jin zafinta. Ba a riƙe shi a zuci, ba a kai ƙararsa. Na sha ganin auren da ya kusa mutuwa taubasai suka ɗinke shi.

Amma akwai inda ba a kai shi. Ba a yi da surukai, can kunya ce. Ba a taɓa addinin mutum, ko iyayensa, ko wata lalura da Allah ya ɗora masa, ba a kuma tona asiri da sunan raha. In ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, ka gaya mini, ni zan yi maganinsa da kaina. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce ina nan tafe bayan an cire amfanin gona.