Ga mai son kawo kayan kabon na mota Maradi: ka nemi kafin alƙalami tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka sa hotunan murfin inji da fiffiken baya da murfin madubi na zaren kabon, wato baƙin zaren nan da ake saƙawa a haɗa da danƙo a yi kayan mota da shi, ka ce kana so ka yo odarsu daga Chaina, duk mai so ya ɗaga hannu don ka san ko akwai kasuwa. Hannuwa kuwa sun tashi, kowa na cewa masha Allah, a kawo. Na daɗe ina sayar da kayan gyaran mota a garin nan, shi ya sa zan gaya maka tun yanzu: masha Allah ba ciniki ba ne. Wanda ya ce yana so bai ga farashi ba, kuma da yawa cikinsu ko motar da kayan za su hau ba su da ita.

Fara tambayar kanka, me mutumin Maradi yake saye idan ya sayi kabon? Waɗanda suka kawo shi harkar mota rashin nauyi suka bi. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙarfe mai girmansa, ga ƙarfi. Kamfanin McLaren ne ya fara gina gangar jikin motar tseren Formula 1 da shi a 1981, BMW kuma ta yi wa motarta M3 CSL rufi da shi a 2003. Can, kilo ɗaya ma abin lissafi ne. Nan fa? Ka cire murfin ƙarfe daga Corolla ka sa na kabon, da ƙyar ka rage kilo goma, a motar da ta haura tan guda, wadda gobe za a ɗora mata buhun gero biyu a nufi Madarunfa. Fiffiken baya kuma ba ya wani aiki sai mota ta yi gudu sosai, ba a titin cikin gari da 'yan kabu-kabu da adaidaita suka cika ba. Ado mutanenmu suke saye, saƙar nan baƙa mai ƙyalli da za a gani a fada ko a jerin gwanon biki. Ba laifi ba ne, kuɗi ne. Amma idan ado ne abin nema, to abokin gasarka shi ne yaron da ke manna sitika mai zanen kabon a bakin hanya, ya gama maka murfin inji kafin la'asar a kan 'yan jikkuna, kuma daga nesa ba mai bambancewa.

Nan ne ya kamata ka san abin da za ka sayo, domin abu huɗu ake kira kabon a kasuwa. Akwai sitika. Akwai roba da aka tsoma a ruwa aka ɗora mata zanen saƙa. Akwai wanda cikinsa zaren gilashi ne, an shimfiɗa kabon falle ɗaya a sama aka shafe da danƙo, kuma yawancin masu arha da kake gani a intanet wannan ne, wani lokaci nauyinsa ma ya kusa na ƙarfen da ka cire. Sai na ainihi, wanda ake gasawa a tanda ta musamman da zafi da matsin iska, mara nauyi, mai tsadar gaske. A hoto duk ɗaya suke, kallon kitse ake yi wa rogo. Ka sa mai sayarwa ya juya kayan ya nuna maka bayansu, ya ɗora a sikeli kana gani. Idan samfuri ya iso hannunka, zaren kabon yana ɗaukar lantarki, zaren gilashi ba ya ɗauka; kowane mai gyaran wutar mota zai iya gwada maka da mitarsa a gefen da zaren ya bayyana.

Sai ranar Maradi. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle baƙin murfi a tsakar rana, ga inji yana gasa shi ta ƙasa. Zaren kansa ba ya jin komai, danƙon da ya riƙe shi da ruwan ƙyallin da aka fesa a sama su ne ba sa jure rana. Mai arha yakan koma rawaya, ya yi hazo, ya fara ɓarewa. Na ga wani murfi a garejin wani abokina, bai shekara a kan mota ba ya dushe, mai shi kuma kullum yana ƙofar shagon wanda ya sayar masa. Ƙurar hunturu ma tana cin ƙyallin idan yara masu wanki suna gogewa da busasshen tsumma. Kuma kabon ba ya lotsewa, tsagewa yake yi. Ƙarfe idan babur ya buge shi, mai gyaran jiki ya daddaka ya yi fenti an wuce wurin. Wannan ba guduma, ba walda. Duk wanda za ka sayar wa, ka gaya masa haka kafin ya biya, gara ya fasa da ya dawo da rigima.

Kuɗin ɗauko kaya shi ne inda lissafin mutane ke rushewa. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau kauri a santimita, a raba da 6000. Kwalin murfin inji mai 160 da 140 da 20 zai ba ka kusan kilo 75, alhali abin da ke ciki bai kai kilo goma ba. Ta ruwa ya fi sauƙi, amma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da muka saba jira ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ko su biyo ta Kano da Jibiya da Ɗan Isa. Kowace hanya da jinkirinta, da duwan, da masu lodi da ba ruwansu da abin da ke cikin kwali. Ka haɗa duka wannan kafin ka furta farashi.

Wani abu kuma, kayan nan ba kamar taya ko batir ba ne da ke shiga motoci da yawa. Kowane ɗaya da motarsa da shekararta. Corolla ta Amurka da ta Turai suna iya haɗa shekara amma gabansu daban, kuma duka biyun suna yawo a garin nan. Ka ajiye murfi biyar a shago, sai mai saye ya zo da ta shida.

Ga yadda zan auna kasuwar da ni ne kai. Ka bar tambayar wa ke so. Ka ɗauki abu ɗaya, misali murfin madubi na Hilux ko na Mercedes C, ka faɗi shekarun da yake shiga, ka rubuta farashinsa a Maradi bayan an biya komai, da makonnin da za a jira. Ka ce mai so ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Waɗanda suka turo kuɗi su ne kasuwarka, ko da mutum uku ne. Sannan ka tashi daga waya ka zaga wurin masu fenti, masu sa baƙin gilashi da masu sayar da ƙafafun alminiyom, ka tambaye su motoci nawa ake kawo musu don ado kawai, kuma masu su nawa suke yarda su kashe. Su ne suka san yaran Alhazai da ke kashe wa mota kuɗi da gaske, ba mu da ke rubutu a nan ba. Ka lura da lokaci ma, kwalliyar mota tana tashi gab da sallah da lokacin bukukuwa, sai ta kwanta.

Kada ka dogara da cewa Katsina na kusa. Ba ta kai kilomita 100 ba, gaskiya ne, amma mai irin wannan sha'awa a can Kano ko Abuja yake nufa, da naira yake biya, kuma canji na iya cinye ribarka tsakanin ranar oda da ranar da kaya suka iso. Yamai ta fi mu irin waɗannan motoci. Idan kana da wanda ka yarda da shi can, ka gwada farashin a wurinsu ma.

Ni a ganina ƙananan kaya ne za su tafi: murfin madubi, adon sitiyari, kan giya, ƙaramin fiffike, da na cikin mota da rana ba ta dukansu kai tsaye. Suna shiga jakar matafiyi, kuma idan suka kwana ba su ɗaure maka jari ba. Murfin inji da bamba kuwa sai a kan oda, kuɗi a hannu. Ka sayo samfuri ɗaya daga wanda kake son hulɗa da shi, ka sa a motarka, ka bar shi ya sha ranar bazara guda. Idan ya iso ka kawo shago mu juya bayansa mu ɗora a sikeli.