Amsa ga mai tambaya kan karatun injiniya a Wudil

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙaninka ya gama sakandare a ƙauyenku wajen Ringim yana son injiniya a jami'ar Wudil, ko zai iya. To zai iya mana, amma fa ka fara duba lissafinsa, don wallahi a can lissafi ne abinci safe da rana. A JAMB ya cike Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma ya zama yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO. Makarantar ta fara aiki a 2001, da KUST ake ce mata, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, yanzu sunan Aliko Dangote aka sa mata. Injiniya shekara 5 ne ba 4 ba, a aji huɗu sai su fita SIWES, wato koyon aiki a aikace, wata shida a kamfani ko wajen gini, nan ne yaro zai riƙe sifana da hannunsa ya ga abin da ake zana masa a allo. Ni dai shawarata tunda damina ta wuce an kai gero rumbu, ku sai da ko buhu biyu ne a nema masa kwamfuta ko ta hannu ce, saboda zane da AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, yana da wahala a waya. Kuma kafin ku biya komai ku tambaya ko COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta amince da kwas ɗin.