Ran da ba a yi ruwa ba, rubuta sifili

Jiya ka tambaye ni, "Maigida, tunda tauraron ɗan'adam yana hango hadari daga sama, me ya sa muke duba ma'aunin ruwa kowace safiya, har mu rubuta sifili ran da ko ɗigo bai sauka ba?"

To ɗana, saurara. Tauraron saman gajimare yake gani, ya auna sanyinsa, daga nan a ƙiyasta ruwan da zai zubar. Abin da ya taɓa ƙasa kuwa, sai mazurarin ma'aunin nan namu ya faɗa, kuma da littafinmu ake daidaita lissafin tauraron.

Milimita 1 a kwalbar awo, lita 1 ke nan a kan kowane murabba'in mita. Idan ka karanta 80 a dare ɗaya, jarka huɗu masu lita 20 aka juye a wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. Shi ya sa nake cewa ka durƙusa, idonka daidai da saman ruwan, kada ka karanta daga tsaye.

Sifili shaida ce cewa ka je, ka duba, ba ka tarar da komai ba. Gurbin da ka bari fayau kuwa, mai bincike ba zai san ko ruwa ne ya ɗauke ko barci ne ya kwashe ka ba. Farin 1973 da na 1984, da sifilin mutane irinmu aka gane girmansu. Kuma ba a faɗin halin yanayin gari sai an tara awon shekara 30. Yanzu da na 1991 zuwa 2020 ake gwadawa.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne yadda ruwan yake zuwa a yanzu, kamar da bakin ƙwarya. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Wani bincike na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ka dai ga Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Wanda zai gina kwalbati ko madatsa gobe, littafin nan zai buɗe ya nemi ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a yini ɗaya.

Gobe kafin ka karanta, cire ganyen darbejiyar da ya toshe mazurarin. In ka rubuta, ka zubar da ruwan, ka mayar da kwalbar a bushe.