Abin da ke sa mai shirin waƙoƙi ya daɗe a rediyo

Malam, ka tambayi ko daɗin murya ne ke riƙe mai gabatar da waƙoƙin zamani shekara talatin a gidan rediyo. A'a, kunnensa ne ke riƙe shi, wato iya tsinto waƙar da matasa za su so tun kafin ta cika gari.

Tun shekarun 1990, da rediyoyi masu zaman kansu suka fara gogayya da Muryar Sahel, rediyon gwamnatin Nijar, a Yamai, nake sauraro. Waɗanda suka daɗe su ne suka bi zamani daga kaset zuwa CD har kwamfuta, suka saka rap ɗin yaran unguwa kusa da tsofaffin waƙoƙi, da sharaɗin kada su karɓi kuɗin mawaƙi, domin mai sauraro yana saurin ganewa.