Manhajata tana ƙamewa duk bayan kwana uku

Tambaya: Malam, ina kula da wata manhajar Java da aka gina a kan Apache Camel, kayan aikin da ke isar da saƙonni tsakanin manhajoji. Aikinta ɗauko saƙonni daga wani tsari ta zuba a rumbun bayanai. Bayan kwana biyu ko uku sai ta tsaya cak, ta rubuta "Too many open files", wato fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. In na sake kunna ta sai ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ina matsalar take?

Amsa: Manhajarka tana buɗe ƙofofi ne ba ta rufewa. Duk fayil ɗin da ta buɗe, da duk haɗin da ta ƙulla da rumbun bayanai, Linux na ba shi lamba, kuma a yawancin na'urori iyakar da ake sa wa manhaja ɗaya tun farko 1024 ce. Ranar da ta cika, shi ke nan. Sake kunnawar da kake yi kwashe ruwa ne kawai, ba ka toshe inda yake yoyo ba.

Masu rubuta manhaja da yawa sun ɗauka mai share shara na Java (garbage collector), wanda ke kwashe abin da manhaja ta gama amfani da shi daga ƙwaƙwalwar na'ura, zai yi musu wannan aikin rufewar. Shi ƙwaƙwalwa ce damuwarsa, kuma sai lokacin da ya ga dama yake zuwa. Haɗin da ka bari a buɗe zai iya kwana yana jira.

Fara tabbatarwa tukuna. Ka buga lsof -p, umarnin da ke jera duk abin da manhaja ta buɗe, da lambar da Linux ya ba manhajar (PID) da safe, ka ƙirga layukan, ka sake da yamma. In adadin hawa kawai yake yi, ka kama ɓarawon.

Daga nan ka duba ɓangarorin da kuka rubuta da kanku, don galibi a nan ɓarnar take. Abin da ɓangare zai daɗe yana amfani da shi, a buɗe shi a doStart, a rufe shi a doStop, wato wuraren da Camel ke kira lokacin kunna ɓangaren da lokacin kashe shi. Na sha ganin wanda ke ƙulla sabon haɗi a kan kowane saƙo, kuma in kuskure ya faru a tsakiya, ba a ma kai ga layin rufewar. Maganin wannan yana nan tun Java 7, a 2011: try-with-resources, wanda ke rufewa ko an yi nasara ko an faɗi.

Sai kashewa. Ka guji kill -9, umarnin kashe manhaja da ƙarfi nan take, don ba ya ba Camel damar ƙarasa saƙonnin da ke hannunta. In a Kubernetes kuke, tsarin da ke kunna manhajoji da kashe su a kan na'urori da yawa, daƙiƙa 30 yake jira kafin ya kashe da ƙarfi, sai ka tabbata lokacin da ka ba Camel bai wuce haka ba.