Ku Tambayi Koci: Sansanin Dala 700 ko Filin Bayan Makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Koci. Muna zaune a Columbus ta jihar Ohayo a Amurka. Ɗana mai shekara 10 yana buga ƙwallon nishaɗi na unguwa, wanda iyaye ke horarwa ranar Asabar. 'Yata mai shekara 15 kuwa tana kulob ɗin da ke fita gasa jiha-jiha. Yaron ya kawo takardar wani sansanin horo na bazara mai ɗauke da tambarin wani babban kulob na Turai, kwana biyar yara na kwana a sansanin, dala 700, ya hana ni sakat. Ita kuma kocinta ya jero mana gasa uku da sansanin wata jami'a. Maigida direban babbar mota ne, aljihu ba zai ɗauki duka ba. Wanne zan biya, wanne zan bari? — Maman yara biyu, Columbus

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya su. Zan fara da yaron, don ni ma an taɓa cin kuɗina a kan irin wannan takarda.

Babban ɗana yana shekara 11 na biya masa wani sansani mai tambari mai ƙyalli. Rana ta uku na tashi aiki da wuri na je na tsaya jikin shinge. Yara sun haura ɗari, masu horarwa ba su kai goma ba, yawancinsu samari 'yan jami'a masu neman na kashewa a hutu. Na duba agogo: cikin minti ashirin yarona ya taɓa ƙwallo sau huɗu, sauran lokacin yana layi yana tsinkar ciyawa. Ranar Juma'a ya dawo da riga, da hoto, da takardar shaida mai zinariya a gefe. Rigar tana nan har yau, ƙanensa ke barci da ita.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sau da yawa irin waɗannan sansanoni wani kamfani ne na nan gida ya sayi izinin amfani da suna da tambarin kulob ɗin. Ba haram ba ne, wasunsu ma suna aiki mai kyau. Amma tambari ba ya koyar da yaro tsayar da ƙwallo da ƙafar hagu. Don haka kafin ki ciro kati, kira su ki tambaya: yara nawa ne a hannun koci ɗaya? In sun wuce goma sha biyu zuwa sha biyar, ni dai ba na biya. Su wane ne za su tsaya a fili, kuma wace takardar horarwa ke gare su? Hukumar ƙwallon Amurka tana da matakai, daga na tushe zuwa D, C, B, A. Ɗan shekara 10 ba ya bukatar mai A, amma yana bukatar wanda ya san abin da yake yi. Sannan ki nemi jadawalin yini guda a rubuce. Wanda ya fara kame-kame a nan, kin sami amsarki.

Akwai wata alama mai sauƙin ganewa. A tsarin hukumar, 'yan shekara 9 da 10 bakwai-bakwai suke bugawa a ƙaramin fili, 'yan 11 da 12 tara-tara, sai an kai 13 ake shiga sha ɗaya-sha ɗaya. Kuma tun 2015 an hana ɗan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, a wasa ko a atisaye, saboda bugun ƙwaƙwalwa. In kika ga hotunan sansani an jera ƙananan yara ana jefa musu ƙwallo a goshi, ko an zuba su a babban fili suna gudu kamar an saki awaki, ki ninke takardar ki ajiye.

Batun kwana kuma shi ne ya fi tsaya mini. Ɗan shekara 10 bai da abin da zai samu a sansanin kwana wanda ba zai samu a na jeka-ka-dawo ba, sai kewar gida. In ma har za a yi, sai kin ji wa ke kwana a ɓangaren yara, ko an binciki tarihin kowane ma'aikaci, ko sun yi horon SafeSport na kare yara daga cin zarafi, da ko akwai ma'aikacin jinya a fili. Sai abinci: ɗakin cin abincin makarantun da ake haya ba ruwansa da halal sai an faɗa tun da wuri, kuma a rubuce. Kada ki ji nauyin tambaya, ba wanda zai ga baƙinki.

Shawarata a kansa: ki nemi sansanin safe na mako guda da wani kulob na garinku ko sashen wasanni na ƙaramar hukuma ke shiryawa. Kuɗinsa ba ya kusa da wancan, yaro ya kwana a gadonsa, kuma kocin da ya gan shi yana nan gari, ba ya hawa jirgi ranar Asabar. In yaron yana da abin da ya wuce ƙwallon unguwa, shi zai fara gaya miki. Kada kuma ki raina na unguwar. Ƙungiyar AYSO ta ƙwallon yara na unguwa, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1964, dokarta ita ce kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin wasa. Kulob ɗin da ake biyan dubban daloli a shekara ba ya yi miki wannan alkawari.

Yanzu ga 'yar budurwa, inda lissafin ya fi ɗaure kai.

Gasa uku ɗin nan ba ɗaya suke ba, ko da koci ya jero su a layi guda. Akwai gasar cin kofi, akwai ta baje koli, wadda ake shiryawa don masu horar da jami'o'i su zo da kujerunsu na naɗewa su zauna gefen fili suna rubutu. A shekarunta, ta baje kolin ce ke da amfani, in dai karatu da ƙwallo take nema. Amma ki tambayi koci a wane rukuni aka sa su. Manyan gasanni irin su Jefferson Cup a Richmond ta Bajiniya ko Surf Cup a San Diego suna da rukunoni hawa-hawa, kuma masu kallon da kike so sun fi taruwa a filayen na sama, musamman inda 'yan ECNL da Girls Academy, wato manyan lig-lig na matasa, ke bugawa. Ƙungiyar da ke rukuni na biyar a fili mai lamba ashirin da wani abu, can bayan wurin ajiye motoci, iyaye ne kawai 'yan kallonta. Sunan gasar ɗaya ne a jikin riga, amma rana ba ɗaya ba ce.

Akasin haka ma ciwo ne. Na taɓa ɗaukar yaran da nake horarwa, da girman kaina, na sa su a rukunin da ya fi ƙarfinsu. Tafiyar awa shida. Aka ba mu tara da nema, washegari bakwai da nema. Golana ya yi kuka a mota har ya yi barci. Daidai ruwa daidai tsaki: gasa mai kyau ita ce wadda ba ka san wa zai ci ba sai an hura usur na ƙarshe.

Ki kuma lissafa kuɗin da ba a rubuta a takarda. Yawancin manyan gasanni suna tilasta wa ƙungiyoyin da suka zo daga nesa su sauka a otal ɗin da masu gasa suka zaɓa, in ba haka ba a cire su. Ko kina da 'yar'uwa a garin mai ɗaki a buɗe, sau da yawa ba ya hana a nemi ƙungiya ta cika adadin ɗakuna. Ga mai, ga abinci, ga kason kuɗin tafiyar koci da ake raba wa iyaye, ga ranar aiki da za a rasa. Sannan tambayar da iyaye ke jin kunyarta: Koci, minti nawa 'yata za ta buga? In 'yar benci ce, babu mai horar da jami'a da zai ɗauke ta don ta iya tafa wa wasu.

Sansanin jami'a kuwa, ki fahimci wani abu. A dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, masu horarwa na jami'o'in rukunin farko ba su da izinin fara zawarcin ɗalibi kai tsaye sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10. Gayyatar sansani da ke zuwa ta imel kafin nan, galibi talla ce da aka aika wa ɗaruruwa, ko da an sa sunanta a sama. Ya cancanci kuɗi ne kawai in makarantar ce da gaske take son shiga, makinta na aji ya kai, kuma kocin kulob ɗinta zai iya ɗaga waya ya ce ga wance nan zuwa. Ki sani kuma makarantun rukuni na uku ba sa ba da tallafin karatu don wasa sam. Makin lissafi da kimiyya ya fi kawo dala gida fiye da ƙafa, wannan kuwa ina gaya wa nawa har sun gaji da ji.

Da ni ne: gasar baje koli ɗaya wadda za ta buga sosai, gasa ɗaya ta kusa da za a je a mota a dawo, sansanin jami'a a bari sai baɗi. Ki gaya wa koci tun yanzu, ba saura mako ba, don ya nemi 'yar aro. In tana sa ɗankwali a fili, dokar ƙwallo ta duniya ta amince da shi tun 2014. Ya zama dai launinsa ya dace da riga kuma babu fil a jiki.

Tambaya: Malam, ƙungiyar ɗana ta unguwa ce, ni ne ma mataimakin koci. Yara suna son su je gasa ko sau ɗaya. Ana karɓar irinmu? — Wani uba, Minneapolis

Amsa: Ranka ya daɗe, ai kai a bakin rijiya kake. USA Cup da ake yi kowane Yuli a Blaine, arewa da ku kaɗan, tun 1985 take, ƙungiyoyi sama da dubu ke zuwa daga ƙasashe da dama, kuma ana raba su gwargwadon ƙarfi. Ba kamar Dallas Cup ba ce ta makon Ista, wadda sai an tantance ƙungiya kafin ta shiga. Ko ba ku buga ba, kai su kallo, su yi musayar baji da yaran wata ƙasa. Amma don farawa na fi son ƙaramar gasar ƙarshen mako mai rukunin 'yan nishaɗi. Ka faɗi gaskiyar ƙarfinku a fom. Ka shirya katin rajistar kowane yaro da takardar izinin jinya da iyaye suka sa wa hannu, ka kuma tambayi ranar da suke yanke shekaru, don an sha sauya wannan lissafi tsakanin shekarar haihuwa da shekarar makaranta. Wasa biyu a yini cikin zafin Yuli ya isa. Ka zo da 'yan canji da yawa, da rumfa, da ruwa fiye da yadda kake zato.

Tambaya: Wani ya tuntuɓe ni ta Facebook, ya ce ya ga bidiyon ɗana mai shekara 14, zai kai shi gwaji Turai in na biya dala 4,000. — Wani uba, Houston

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Sashe na 19 na dokokin FIFA ya hana kulob ɗauko yaro ɗan ƙasa da 18 daga wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba ƙwallo ba, ko ɗan 16 zuwa 18 da ke sauya kulob a cikin Tarayyar Turai. Abin da mutumin ke sayarwa, in ma akwai shi, yawon buɗe ido ne da ƙwallo a ciki. In yaron ya kai yadda ake faɗa, kai shi gwajin ƙungiyoyin MLS NEXT da ke garinku, wato lig ɗin matasa na MLS, babban lig ɗin ƙwallon Amurka. Makarantun horo na kulob-kulob na MLS galibi ba sa karɓar ko sisi daga yaron da suka zaɓa. Shi kuma mai saƙon, ka ce ya turo lambar lasisinsa ta wakilcin 'yan wasa da sunan kulob ɗin a rubuce, ka ga ko zai sake amsawa.