Kawu ya amsa tambayar yajin aiki da kuɗin ƙungiya

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka kama aikin koyarwa ake yankar kuɗin ƙungiya a albashinka, ga shi an kira yajin aiki, kai kuma ba ka ga abin da ƙungiyar ta tsinana maka ba. Kana tambaya ko dole ne ka zauna a gida, da dalilin da ya sa mu tsofaffi muke ɗaukar karya yaji abin kunya.

Ka zauna a gida. Wannan ita ce amsata, sauran bayani ne.

Haɗin kan masu sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin zuwan Bature mahauta na da Sarkin Fawa, wanzamai na da Sarkin Aska, maƙera ma da nasu, kuma abin da aka tsayar ba mai ƙetare shi ya kwana lafiya da 'yan'uwansa. Aikin albashi ne sabo, inda dubban mutane ke cin abinci a hannun ubangida ɗaya. Ma'aikatan gwamnati suka fara kafa tasu a Legas a 1912, taku ta malamai ta biyo a 1931, amma sai a 1938 Turawa suka yi dokar da ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago. A 1945 tsadar rayuwa ta ishi mutane, aka yi yajin gama-gari na sama da kwana 40, Michael Imoudu na reluwe yana kan gaba. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Kada ka ce abin na Kudu ne kawai. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta nan Bauchi, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa.

Lokacin da na shiga reluwe, jirgi na bi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri, tasha cike da mutane. Ranar albashi ma'aji zai tsaya da littafinsa kusa da tagar biya, ka miƙa masa kuɗinka hannu da hannu, ya rubuta sunanka. In kana da ƙorafi nan za ka tare shi, ba ya da wurin gudu. In lebura ya rasu, Bahaushe ne ko Ibo ko Batangale, daga littafin nan ake fitar da abin kai iyalinsa gida. In an shiga yaji, matan kwatas kan raba mudun dawa da gidan da tukunyarsa ta kife. To ka ga wanda ya saɓa jakarsa ya tafi aiki a irin wannan rana, da idon da zai kalli maƙwabcinsa? In an yi ƙari zai karɓa tare da kowa, bai sha yunwar kowa ba. Kunyar ke nan, ɗana, kuma har gobe tana nan.

A 1978 gwamnatin Obasanjo ta soja ta haɗe ƙananan ƙungiyoyi suka koma manya 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugaba, aka kuma fara cire kuɗin ƙungiya tun daga ofishin biya. Ƙungiya ta samu kuɗi da ƙarfi, ba musu. Amma a ganina a nan tsutsar ta shiga. Shugaban da kuɗi ke iso masa ba tare da ya gaishe ka ba, a hankali sai ya manta fuskarka.

Sauran ɓarnar daga waje ta zo. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya jawo sallamar ma'aikata, Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988 zamanin Ali Ciroma, Abacha ya maimaita a 1994 ya kuma tsare Frank Kokori na ma'aikatan mai. Masaƙun Kaduna, inda Adams Oshiomhole, tsohon shugaban NLC, ya taso, suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Je ka dubi Steyr, kamfanin harhaɗa motoci na nan Bauchi, da tashar jirginmu yanzu. Ma'aikata in ta mutu, reshen ƙungiya ya bi ta kabari. Yaran yau kuwa yawanci aikin kwantiragi suke, ko acaɓa da Keke Napep, wanda ya ɗaga murya gobe a ɗauki wani.

Duk da haka kada ka ce ba ta tsinana maka komai ba. Yajin Janairun 2012 ne ya sauko da litar fetur daga naira 141 zuwa 97. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, kuma ba wanda aka bayar don tausayi. Fanshon da nake karɓa, komai ƙanƙantarsa, wasu ne suka kwana a tsare kafin ya tabbata.

Fushinka yana kan hanya, wurin huce shi ne ka ɓata. Ranar taron reshenku ka je da wuri, ka zauna a gaba, ka ɗaga hannu ka tambayi ma'aji nawa aka tara bana kuma ina aka kai su. Ka tafi da abokan aikinka biyu ko uku don kada a mai da kai ɗan tawaye. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata ina tafe bayan sallar Juma'a in Allah ya yarda.